Abin da ke Kashe Zalɓe Ba Harbi

Ya ku ɗalibai da iyayenmu, ku dubi dajin Kamuku na ƙasar Birnin Gwari, wanda ya zama gandun daji na ƙasa a 1999. A Kogin Mariga da tafkunan yankin namun daji ke shan ruwa, nan kuma zalɓe da balbela ke kiwo.

To, ƙasar tana da zinariya, masu haƙarta kuwa sukan wanke ƙasa a rafi, su kama zinariyar da zaiba. Ita zaiba ba ta ruɓewa. Ƙwarin ruwa su ɗauka, kifi ya ci ƙwarin, zalɓe ya yi ta haɗiyar kifi, gubar duk ta taru a jikinsa. Sai ya rame, ƙwansa ya ƙi ƙyanƙyashewa.

Kada ka ce ina ruwanka. A 2010 gubar dalma ta wajen haƙar zinariya ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, kuma agwagin ƙauyukan ne suka fara mutuwa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kada ka wanke gwangwanin maganin feshi a rafi, kada kuma ka ci kifin da ka tsinta matacce.