Macijin da ka gani a tsakar gida: wanne ne mai dafi, wanne ne marar dafi?



Da kakar bara a nan Galadi, ƙanena ya sa hannu zai ɗaga damin gero, wani ɗan maciji da bai wuce tsawon kamu ɗaya ba ya sare shi a yatsa. Ganin ƙanƙantarsa sai muka raina abin, aka shafa magani aka ce ya kwanta. Washegari da safe muka ga jini yana fita daga dasashinsa. Sai a lokacin muka nufi asibiti, Allah ya sa da sauran kwana. Shi ya sa yau nake son mu san waɗannan maƙwabtan namu.

Wanda ya sare shi kububuwa ce, wadda ake wa laƙabi da gobe da nisa. 'Yar ƙarama ce, kalar ƙasa, da ɗigo-ɗigo masu haske a gadon baya. In ta ji motsi sai ta naɗe ta riƙa goga jikinta, ka ji "sssss" kamar an ɗiga ruwa a kasko mai zafi. Dafinta yana hana jini daskarewa, shi ya sa mutum zai iya yini yana hira lafiya lau alhali jini yana zuba ta ciki. A ƙasar nan ita ta fi kowane maciji kashe mutane.

Sai kasa. Ita gajera ce mai ƙiba, kanta mai faɗi, wuyanta siriri. Ba ta cika gudu ba, kwanciya take a bakin hanya ko cikin karmami har ka taka ta. Saranta yana kawo kumburi mai tsanani da ruɓewar nama.

Na uku kumurci, baƙi, dogo, mai fasa kai in ya fusata. Shi ne ya fi shigo mana gida, yana bin ɓera da kwaɗi da ƙwan kaji. Yana feso dafi a ido daga nisan kamar mita 2. In ya feso maka, ka wanke idon da ruwa mai yawa nan take, kar ka murza, sannan a tafi asibiti.

To, marasa dafin fa? Mesa ba ta da dafi, matse abin da ta kama take yi, amma tana cizo. Akwai siririn koren nan mai bin bishiya da darni, da wani mai santsin jiki, ruwan ƙasa, da ke farautar ɓera a gindin rumbu. Waɗannan biyun ba sa cutar da mutum, na biyun ma aiki yake yi mana.

Amma ku ji inda gizo ke saƙa. Akwai maciji mai haɗiye ƙwan tsuntsu, ba shi da dafi, amma zanensa da gogar jikinsa kamar kububuwa. Akwai kuma wani ɗan baƙi siriri mai shiga ƙasa, ka gan shi kamar ba komai, amma ko ta bayan kai ka riƙe shi zai iya sokarka da haƙori ta gefe. Don haka ni dokata ɗaya ce: in ba ka tabbatar ba, ɗauke shi a matsayin mai dafi, ka ja baya.

In sara ya auku, kar a tsaga wurin, kar a tsotsa, kar a ɗaure da igiya tamau. Baƙin dutsen da ake mannawa ba ya zuƙe dafi. A cire zobe da agogo kafin kumburi, a hana mutum tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi zuwa Shinkafi ko Ƙauran Namoda ko Zurmi, duk wanda ya fi kusa, a nemi allurar kashe dafi. A asibiti sukan ɗebi jini a kwalba a jira minti 20, in bai daskare ba an san dafin yana aiki. Kar a tsaya neman macijin. In ana iya ɗaukar hotonsa daga nesa da waya, ya isa.

Abin ba wasa ba ne. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin manyan cututtukan da aka yi watsi da su, kuma a Kaltungo ta jihar Gombe asibiti guda aka ware masa.

Kun san yadda tafiyar dare take a hanyoyinmu yanzu, don haka rigakafi ya fi mana sauƙi. A nome ciyawar bayan gida, a nisanta tarin kara da itace daga ɗaki, a toshe ramin ɓera. Kar a fita da dare ba tocila ba takalmi. Mai kwana a ƙasa ya sa gidan sauro ya cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma.

Ku tura wa na ƙauye wannan bayani, musamman masu zuwa gona. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.