Daga Sabon Gari zuwa Nijelek: tsanin da injiniya ke hawa

Mai walda a unguwar Sabon Gari ta birnin Maraɗi, da mai injin niƙa, da mai saida ƙanƙara, ba su cika tambayar daga ina wutar lantarki ta fito ba, sai ran da ta ɗauke. Alhali tafiyarta doguwa ce. A shekarar 1994 ne aka jawo layi mai ƙarfin volt 132,000 daga Katsina zuwa Gazawa domin ciyar da Maraɗi da Damagaram. Kafin wutar nan ta isa shagon mai walda, sai an rage ƙarfinta daki-daki cikin taransifoma har ta dawo 220, kuma a kowane daki akwai mutumin da nauyin ke wuyansa.

Kamfanin Nijelek, wanda aka kafa a 1968 ya gaji Safelek, ya fara aiki ne sa'ad da ƴan ƙasa masu ilimin injiniya ba su taka kara sun karya ba. Na farko-farko sai da suka tafi waje neman ilimin, wasu Faransa, wasu makarantar lantarki ta Banjarbil a ƙasar Kodebuwa. Daga baya makarantar EMIG ta buɗe a Yamai a 1990. Yau yaron Sabon Gari yana iya somawa a gida: ya shiga makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa, in ya ci jarrabawar bak ya wuce jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, wadda aka kafa a Maraɗi a 2010.

To, amma takardar shaida ƙofa kawai take buɗewa. A irin waɗannan kamfanoni ma'aikata hawa uku ne: masu aikin hannu, da masu jagorancin ayarin aiki, da manyan ma'aikata. Injiniya yana shiga ne a hawa na uku, sai dai ranar da ya kama aiki, dattijon da ya shekara ashirin yana hawa falwaya ya fi shi sanin inda layi ke tsinkewa in hadari ya taso. Wanda ya yi hankali yakan sauke girman kai ya bi dattijon nan. A wurinsa zai koyi abin da littafi ya faɗa a layi ɗaya: ba a taɓa waya sai an yanke wuta, an kulle makunni, an gwada an tabbata ta mutu, an haɗa ta da ƙasa. Kuskure ɗaya a nan, ran mutum ne.

Daga nan tsanin yakan miƙe: riƙon wani ɓangare na layi, shugabancin sashe, sannan shugabancin jaha ko wani babban ofis a Yamai. Mai ƙaramar shaida ma hanya ba ta toshe masa ba, in ya koma karatu. Samari da dama sun fi son kujerar Yamai tun da wuri, ba kuwa abin zargi ba ne, ga iyali ga makarantar yara. Sai dai wanda zai tsara layin ƙasa baki ɗaya ya kamata ya taɓa tsayawa a Jiratawa, inda fadamar noman rani mai kimanin eka 500 ta dogara ga famfunan da lantarki ke juyawa. Can ne zai ga cewa ɗaukewar wuta ta kwana biyu tana nufin shuka ta yi yaushi. Haka in an kira shi Tsibiri da tsakar dare cikin damina.

Shekarar 2023 ta gwada mutanen nan. A watan Agusta Nijeriya ta yanke wutar da take turowa, wadda a lokacin ta kai kimanin kashi 70 cikin 100 na abin da Nijelek ke rabawa, ba ta maido ba sai a watan Maris na 2024. Cikin watannin nan aka koma ga injinan gazuwal, ana raba ƴar wutar da ta samu unguwa-unguwa, kuma wanda ya san layin garinsa da ƙafa shi ya san inda za a yanke ba a taɓa asibiti da famfunan ruwa ba.

Wani sabon reshe kuma ya tsiro wa masu tasowa, wato lantarkin hasken rana. Tashar Malbaza mai megawat 7 ta fara aiki a 2018, ta Goru Banda mai megawat 30 ta biyo baya a 2023. Kowace tana bukatar injiniyan da zai lura da ita, ya kuma san yadda zai cike giɓin in rana ta faɗi.