Wane Girma Ya Kamata Hotonka Ya Kasance Kafin Ka Tura A Yi Maka Gyara?

Duk wanda ke cikin zaurukan masu ɗaukar hoto na WhatsApp ko Facebook ya saba ganin wannan. Matashi ya ɗauki hoton hawan sallah a ƙofar fadar Sarkin Musulmi, ya tura ya ce a duba masa, sai amsar farko ta zo: hoton bai fita ba, hannunka ya girgiza. Alhali a wayarsa hoton tas yake, har zaren kayan doki ana iya ƙirgawa. Mai sharhin bai yi ƙarya ba. Abin da ya iso wayarsa ke nan, domin manhaja ta riga ta ci rabonta a hanya. Idan ba ka san wannan ba, sai ka yi ta gyaran laifin da ba naka ba, wani ma har ya sayar da wayar da lafiyarta ƙalau.

Abu biyu ake nufi da girman hoto

Na farko shi ne yawan ƙananan ɗigogin da suka haɗu suka yi hoton, waɗanda ake kira fiksel. Hoto mai megafiksel 12 yana da fiksel 4000 a tsawo, 3000 a faɗi, jimla miliyan 12. Na biyu shi ne nauyin fayil ɗin, wato megabait nawa zai ci a waya da kuma data. Suna tafiya tare amma ba abu ɗaya ba ne, don ana iya barin yawan fiksel yadda yake a matse nauyin.

Wayoyin Tecno da Infinix da Redmi da aka rubuta wa 50MP a baya, yawancinsu ba su ba ka 50 ɗin sai ka kunna da kanka. A al'ada suna haɗe fiksel huɗu su zama ɗaya, su ba ka kimanin megafiksel 12 da rabi, kuma a wuri mai ƙarancin haske hakan ya fi kyau. To amma fuskar wayar da za a kalli hoton fa? Mai 1080 da 2400 ba ta wuce fiksel miliyan 2.6 ba, ƙananan wayoyi masu 720 da 1600 kuwa miliyan ɗaya da ɗoriya ne. Ka ga ko 12 ɗin ma babu fuskar wayar da za ta nuna shi duka lokaci guda.

Abin da manhajoji ke yi wa hotonka

Idan ka tura hoto a WhatsApp ta hanyar da aka saba, yana rage ɓangaren da ya fi tsawo zuwa kusan fiksel 1600. Hoton 4000 da 3000 ya koma 1600 da 1200, wato miliyan 1.92. Lissafa ka gani: kashi 84 cikin 100 na fiksel ɗinka an zubar. Bayan haka sai ya sake matse abin da ya rage. A watan Agustan 2023 ne suka ƙaro maɓallin HD, wanda ke barin fiksel da yawa, amma shi ma yana matsewa. Facebook ya fi son 2048 a ɓangare mai tsawo, Instagram kuma faɗin 1080, misali 1080 da 1350 ga hoton tsaye.

Matsewar ce ta fi yin ɓarna, kuma ya kamata ka fahimci yadda take. Tsarin JPEG, wanda ya fito tun 1992, yana yanka hoto zuwa ƙananan murabba'ai masu fiksel 8 da 8, ya zubar da bayanan da yake ganin ido ba zai lura da su ba. Abin da aka zubar ba ya dawowa. Kuma duk lokacin da aka sake adana hoton a wata manhaja, sai a sake zubar da wani abu. Ka gyara a Snapseed, ka tura wa aboki a WhatsApp, shi kuma ya ɗora a Facebook, an matse shi sau uku ke nan.

Hotunanmu na nan Sakkwato suna da abubuwa biyu da wannan tsari ya fi cuta. Ɗaya shi ne sararin sama lokacin hunturu. Ka tsaya gadar Kwalkwalawa da yamma ka ɗauki Gulbin Rima cikin hazo, launin sama yana sauyawa a hankali daga fari-fari zuwa ruwan ƙasa. Bayan matsewa sai wannan sauyi mai laushi ya koma zobe-zobe kamar an yi fenti da tsintsiya. Ɗayan shi ne aiki mai ƙananan zane: ɗinkin babbar riga, zanen hula, aikin dukawa a jikin jar fata, lallen amarya. Waɗannan su ne ke fara narkewa su zama dunƙule. Mai sharhi zai ce ba ka saita ido a kan abin ba, ko ka cika gyara, alhali duk aikin manhaja ne.

To a tura asalin hoton mana?

Ana iya yi, ta hanyar zaɓar Document a WhatsApp ko File a Telegram, domin ta nan ba a taɓa fayil ɗin. Amma hoton 50MP kan kai megabait 10 ko fiye. A zaure mai mutum 200, idan kowa ya sauke, an ƙona gigabait 2 na datar jama'a a kan hoto ɗaya. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data a Janairun 2025, mutane sun ƙara iya lissafi. Gaskiyar magana, mafi yawa ba za su buɗe ba, kuma wanda ya fi iya sharhin yana iya kasancewa cikinsu.

Shawarata ita ce ka rage hoton da hannunka, sau ɗaya, daga asalinsa. Ka sa ɓangare mai tsawo a fiksel 2048, ingancin JPEG tsakanin 80 da 85. Wannan kan ba ka fayil tsakanin rabin megabait zuwa ɗaya da rabi, gwargwadon abin da ke cikin hoton. Ya ishi kowace waya, ya ishi laftof, har da ɗan zuƙowa. Sannan ka tura shi ta Document. A Lightroom na waya akwai zaɓin 2048 a wurin fitar da hoto. Ni dai na fi son Squoosh, wanda ke aiki a cikin burauza, ya raba maka fuska biyu ka ga asali a hagu, matsattsen a dama, ka yi ta jan ma'auni har ka ga inda hoton ya fara lalacewa. Zancen 72 ko 300 DPI da wasu ke yi, ka manta da shi, na masu buga hoto a takarda ne, fuskar waya fiksel kawai ta sani.

Sai dai girman ya danganta da tambayar da kake yi. Idan kana son a faɗa maka ko tsarin hoton ya yi, ko haske ya zauna, ko ka yanke kan mutum, 2048 ya yi yawa ma. Idan kuwa tambayarka a kan kaifi ce, ko yashi-yashin da ke fitowa a hoton dare, to rage hoto yana ɓoye waɗannan. A nan sai ka koma asalin, ka yanko ɗan yanki kamar 1000 da 1000 daga wurin da ake magana, misali idon dokin ko bakin rawani, ba tare da ka rage shi ba, ka tura tare da cikakken hoton. Fayil biyu ƙanana sun fi ƙato ɗaya amfani. Sikirinshot kuwa kada ma ka fara, hoton fuskar wayarka ne, ba hotonka ba.

Abin da ke ɓoye a cikin fayil

Kowane hoto yana ɗauke da bayanan da ake kira EXIF: sunan waya, lokaci, ISO, saurin ɗauka. Ga mai sharhi wannan dukiya ce, yana ganin ISO ya yi sama zai gane dalilin yashi-yashin. Tura hoto ta hanyar da aka saba a WhatsApp yana goge su, Document kuma yana barin su. Matsalar ita ce idan kyamararka tana ajiye wuri, to ainihin inda ka tsaya yana ciki. Hoton da ka ɗauka a tsakar gidanku, ka tura wa mutum 200 da ba ka san rabinsu ba, a wannan yanayi na tsaro da muke ciki, ba ƙaramin abu ba ne. Ka kashe ajiye wuri a saitin kyamara, ko ka cire shi lokacin turawa, iPhone da Samsung duk suna da wannan zaɓi. Bayanan ISO da sauransu sai ka rubuta su da hannu a ƙarƙashin hoton.

Riƙe asalin yana da wani amfanin. Rage girma ba zai hana wani ya kwashi hotonka ya manna a fosta ba, musamman idan kakar siyasa ta zo, amma ranar da aka yi gardama, mai fayil ɗin 4000 da 3000 shi ke da hujja.

Akwai wurin da lissafin ya juye. Idan za ka ɗora a Wikimedia Commons, kamar lokacin gasar Wiki Loves Africa da aka fara a 2014, su asalin suke so, kada ka rage komai. Suna da sashen da masu ɗaukar hoto ke tantance hotunan juna, kuma mafi ƙarancin abin da suke karɓa a can megafiksel 2 ne. Hoton Hubbaren Shehu da ya bi ta WhatsApp ya fito 1600 da 1200 bai kai ba, tun kafin a duba kyansa za a mayar da shi.