Dam Ba Ganuwa Ba Ne

Duk shekarar da Gulbin Zamfara ya cika ya batse, ya haɗiye shinkafar fadamun Kebbe, magana ɗaya ce ke yawo a majalisu da tashoshin mota har Tambuwal: gwamnati ta gina dam kowa ya huta. Maganar na da daɗin ji. Sai dai ƙasar Sakkwato ta riga ta ɗanɗana dam, ta san zaƙinsa da ɗacinsa.

A duba Goronyo. An kammala madatsar a 1984 a kan Gulbin Rima, an tsara ta ta riƙe ruwa kubik mita miliyan 942. Ayyuka biyu aka ɗora mata, kuma ba sa ga maciji da juna. Mai noman rani da mai famfo a birnin Sakkwato suna son a cika ta maƙil kafin ruwan sama ya ɗauke. Wanda gidansa ke bakin gulbi kuwa so yake a bar ta da sarari, domin in ambaliya ta taso ta sami wurin zama. Ma'aikacin da ke riƙe da ƙofofi dole ya saɓa wa ɗaya, kuma tun yana cikin damina zai yanke shawara, bai san abin da sama za ta zubo gobe ba.

A watan Satumba na 2010 lissafin ya ƙwace. Dam ya cika, aka buɗe ƙofofi, ruwa ya bi garuruwan Goronyo da Wurno da Kware, ya yanke hanyar da ta haɗa birnin da Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ya gangara har jihar Kebbi. Shekara takwas bayan haka, a 2018, dam ɗin nan dai ya kusa ƙafewa har aka shiga fargabar ruwan sha. Ƙarancin ruwan sama na cikin dalilai, amma akwai laka da yashin da gulbi ke jibgewa a gindinsa kowace shekara, suna cinye wurin ruwa a ɓoye. Yashe su kuɗi ne masu yawa, kuma aiki ne da ba a yanka masa ƙyalle a gaban 'yan jarida, shi ya sa ake yawan mantawa da shi.

Kuɗin gini ma ba shi ne kaɗai farashi ba. Da aka gama Bakolori kusa da Talata Mafara a 1978, dubban manoma sun rasa gonaki, kuma rikicin diyya ya kai ga 'yan sanda sun buɗe musu wuta a watan Afrilu na 1980. A ƙasan madatsar kuma ambaliyar da ke ciyar da fadama ta ragu, shinkafa da kifi suka ja baya. Wannan ya kamata ya tsaya wa mutumin Kebbe a rai, domin ruwan da yake kuka da shi a Agusta shi ne ke bar masa danshin da zai shuka albasa da rani.

In kuma aka yi sakaci da gyara, dam kan zama shi ne bala'in. Na Bagauda ya fashe a 1988, na Gusau a 2006, na Alau ya malale Maiduguri a Satumban 2024.

Goronyo da Bakolori ba sa tare ko ɗigon ruwan Gulbin Zamfara, don haka kariyar Kebbe da Tambuwal tana wani wuri mai arha: a daina gini a kan hanyar ruwa, a yashe magudanai kafin Yuni, a samar da irin shinkafa mai jure nutsewa. Hasashen ambaliya da hukumar NIHSA ke fitarwa kowace shekara kuma a fitar da shi daga takarda, a kai shi rediyo da masallatan Juma'a da fadar hakimai cikin Hausa, tun manomi bai zuba irinsa ba.