GWAJIN FITSARI DON GANO TABON ƘODA

Wannan bayani ya shafi kowa da kowa, musamman ma waɗanda ke zaune nesa da manyan asibitoci, kamar jama'ar Sahuda da ke bakin iyakar Nijeriya da Kamaru, a Ƙaramar Hukumar Mubi ta Kudu ta Jihar Adamawa.

Kowace ƙoda tana ɗauke da ƙananan matatai kimanin miliyan ɗaya. Idan hawan jini, ko ciwon sukari, ko yawan shan magungunan kashe zafin ciwo ba da izinin likita ba, suka dinga yi musu rauni, sai jiki ya cike gurbin da wani nama mai tauri, tamkar tabon da gyambo kan bari a fata. Tabo kuwa ba ya tace jini, kuma in ya zauna da wuya ya gushe. Abin takaicin shi ne, a ɓoye ɓarnar take gudana, ba zogi, ba zazzaɓi. Ko gwajin jini na sinadarin kiriyatinin ma, sau da yawa ba ya nuna kome sai ƙoda ta yi asarar kusan rabin ƙarfinta. Daga ƙarshe sai wankin ƙoda, wanda ko bayan rangwamen da Gwamnatin Tarayya ta yi a 2025 a wasu asibitocinta, naira 12,000 ne zama ɗaya, alhali maras lafiya yana bukatarsa sau biyu ko uku a mako.

Hanyar da likitoci suka dogara da ita don sanin yawan tabon ita ce su soka allura ta baya, su ɗebo ɗan tsinken nama daga ƙodar, a duba shi da madubin likita. Hanya ce mai kyau, amma tana iya jawo zubar jini, ba ta maimaituwa a kai a kai, sa'an nan sai an sami ƙwararru. Ga manomin Sahuda, wannan na nufin doguwar tafiya zuwa Yola ko Maiduguri. Saboda haka masana suka juya ga fitsari, tun da yake daga ƙoda yake fitowa, kuma karɓarsa ba ya bukatar allura.

A 2010 masu bincike, bisa jagorancin wata ƙungiya ta Hanoba a Jamus, suka bayyana wani gwaji mai suna CKD273, wanda ke auna gutsattsarin furotin iri 273 a cikin fitsari. Da yawansu ɓurɓushin kolajin ne, watau zaren da jiki ke saƙa tabo da shi. Abin lura a nan shi ne, raguwarsu ce alamar ciwo: maimakon jiki ya warware zaren ya zubar da shi ta fitsari, sai ya taru a ƙoda. A 2015 kuma masana na Jami'ar Mishigan a Amurka suka nuna cewa wani sinadari mai suna EGF, wanda lafiyayyun bututun ƙoda ke samarwa, yana ƙaranci a fitsari gwargwadon yawan tabo. Har ila yau, a 2018 likitoci a Homburg ta Jamus suka gano cewa yawan sinadarin DKK3 yana nuna ƙodar da ƙarfinta zai ragu a watanni masu zuwa.

To, amma kada a yi garaje. Gwaje-gwajen nan suna da tsada, ba su maye gurbin allura ba, kuma akasarin binciken ba a kan 'yan Afirka aka yi shi ba. Duk wanda ya zo kasuwa da wata na'ura yana cewa zai auna tabon ƙodarka nan take, ka riƙe kuɗinka.

Gwajin da ya riga ya tabbata shi ne na albumin, wani furotin na jini da lafiyayyar ƙoda ba ta barinsa ya zuba. Ana auna shi a fitsari a kwatanta da kiriyatinin. Ƙasa da miligiram 30 a kowane giram, lafiya lau. Daga 30 zuwa 300, ƙoda ta fara yoyo. Sama da 300, abin ya yi tsanani. Inda babu wannan awo, tsinken takardar da ake tsomawa a fitsari yana nuna furotin in ya yi yawa. Gwajin bai auna tabo kai tsaye ba, amma yana faɗakarwa tun da sauran lokaci, domin akwai magungunan hawan jini da na sukari da ke rage saurin lalacewar.

Ana shawartar mai hawan jini da mai ciwon sukari su yi gwajin aƙalla sau ɗaya a shekara. Fitsarin farko na asuba ya fi, a cikin kwalba mai tsabta. Zazzaɓi, da aikin ƙarfi, da jinin haila, da tsargiya, wadda ta yawaita inda yara ke wanka a rafi, duk suna iya ɓata sakamako, don haka a sanar da ma'aikacin lafiya. Ba a yanke hukunci da gwaji ɗaya. Sai an maimaita, an ga alamar ta zarce wata 3, kafin a ce ciwon ƙoda ne mai daɗewa.