Majigi, Akwatin Talabijin da Fim ɗin Kanta

Gaisuwa ta musamman ga iyayenmu maza da mata na Badariya, da Takalau, da Rafin Atiku, da Maƙerar Gandu, har zuwa Argungu da garuruwan da ke bakin gulbi. Shirinmu na yau na waiwaye ne. Za mu taɓo kallon da aka yi a wannan ƙasa tamu kafin waya ta shigo aljihun kowa, mu kuma tambayi inda waɗancan hotuna suka kwana.

(Kiɗan taushi)

Wanda ya haura shekara sittin ba sai an gaya masa mece ce motar majigi ba. Da la'asar take shigowa gari, ƙura na bin ta, yara na bin ƙurar. Sai a yi shela cewa yau akwai kallo a ƙofar fada ko a filin makaranta. Bayan isha'i a kafa farin ƙyalle, a tayar da inji, maza su zauna gefe guda, mata gefe guda, yara kuwa a gaba, a ƙasa. Ma'aikatar yaɗa labarai ce ke turo motar, saboda haka abin da ake nunawa na gwamnati ne: rangadin Sardauna, rigakafi, tsabtar rijiya, da fim ɗin Baban Larai, manomin nan da ya bi shawarar malamin gona ya ci riba. Akwai kuma mai bayani riƙe da lasifika, shi ke fassara, shi ke sa wa hoton gishiri. Idan ya iya bakinsa, gari ya kwana yana maimaita maganarsa. Da irin wannan shela, da rediyo, aka koya wa jama'a komawa tuƙin hannun dama a 1972, aka kuma koya musu naira da kwabo a 1973, lokacin da aka yi ban kwana da fam da sule.

Talabijin ta zo daga baya. An kafa hukumar NTA a 1977, kuma a wancan zamani Birnin Kebbi da Argungu suna cikin tsohuwar Jihar Sakkwato ne, sai ranar 27 ga Agusta, 1991 aka yanko mana Jihar Kebbi. Don haka tashar Sakkwato muke kamawa, da eriya a kan dogon ƙarfe, yaro ɗaya a waje yana juya ta, na ciki suna ɗaga murya suna gaya masa ya yi ko bai yi ba. Gidan da ke da akwati a unguwa sananne ne. Da magariba ta wuce ake fito da shi tsakar gida, a shimfiɗa tabarmi, kuma da wuya ka ji an kori ɗan maƙwabci. Da yamma ake buɗe tasha, tsakar dare a rufe da taken ƙasa. A tsakanin nan ne muka san Idon Matambayi na Sakkwato, muka san Ƙasimu Yero, muka san Samanja Mazan Fama, wato Usman Baba Pategi. Ƙasimu ya rasu a 2017, Samanja ya bi shi a 2023. Allah ya jiƙansu da rahama.

Tallace-tallacen ma kallo ne mai zaman kansa. Omo, Bournvita, Blue Band, madarar Peak, Maggi, Cafenol: kowanne da waƙarsa, kuma da yake tasha ɗaya ce tal, kowa ya haddace, daga ɗan firamare har kakarsa. Ƙarfin tallar ya kai har yau a kasuwar Birnin Kebbi duk garin sabulu Omo ne, duk ɗunƙulen miya magi ne, ko wane kamfani ya yi shi. Gwamnati ma ta yi nata. A 1984 aka cika akwatin da saƙon yaƙi da rashin ɗa'a, a bi layi, a share gari. Amma wanda na fi ganin girmansa shi ne na ruwan gishiri da sukari, zamanin da Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya, daga 1985. Saƙo ne ɗan gajere da aka yi ta nanatawa har ya zauna a kan iyaye mata, kuma yara da yawa da zawo zai ɗauke sun rayu saboda shi. Ina ganin duk wanda zai yi kewar tallar da, da wannan ya kamata ya fara.

Fina-finan Indiya da na bidiyo ba za mu daɗe a kansu ba, don suna nan ana samunsu. Turmin Danya ya fito a Kano a 1990, Sangaya ya biyo baya bayan kusan shekara goma, shagunan hayar kaset suka cika unguwanni, kallo ya fara komawa cikin ɗaki.

(Kiɗan taushi)

Yanzu bari mu shiga shagon mai hoto. Ranar Sallah bayan an sauko daga Idi nan ake yin layi. Akwai labule mai zanen bene ko jirgin sama, da kujera ɗaya, da furen roba. Samari su ɗauka da rediyo a kafaɗa ko kusa da keken Raleigh, 'yan mata su jeru da anko da lalle a hannu. Ba a dariya, domin hoto abu ne mai tsada, kuma mutum yana son a tuna shi da kamala. Fim ɗaya hoto 36 yake ɗauka, wani 24, saboda haka mai hoto ba ya danna na'ura sai ya gyara maka hula, ya daidaita maka kafaɗa. Daga nan sai jira. Mai launi sau da yawa sai an kai babban gari an wanko, kwanaki su shuɗe kafin ka ga fuskarka. Idan ya zo a sa shi cikin albam, a ajiye don baƙo, ko a manna a jikin madubi.

Ba mu da abin da ya kai gulbin Matan Fada shan hoto. Tun zuwan Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu Argungu a 1934, wanda shi ne mafarin bikin kamun kifi yadda muka san shi, masu ɗaukar hoto ke tsayawa bakin ruwan nan suna jiran lokacin da dubban masunta za su ruga da homa da gora. Hoton ya hau kan sarkin aika wasiƙa, ya hau kalanda, ya zagaya duniya, har UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun da ɗan Adam ya gada a 2016. Sai dai mafi yawan tsofaffin hotunan suna hannun baƙin da suka ɗauka. Jikan masuncin da ke cikin hoton bai taɓa ganin kakansa a ciki ba, kuma wannan yana damuna.

A Bamako an yi wani mai shagon hoto, Malick Sidibé, wanda aikinsa ke nan, ɗaukar samari da 'yan mata da masu biki. Abin da ya bambanta shi shi ne ya adana fina-finan da ya wanke, cikin kwalaye, da lamba da kwanan wata. A 2007 aka ba shi babbar lambar yabo ta baje kolin fasaha na Venice a ƙasar Italiya. Masu hotonmu ba su gaza shi ido ba. Zafi da ƙura da gara da damina ne suke cinye kayansu, wasu kuma da maigida ya rasu aka share shagon aka zubar.

Haka abin yake ga kaset. Yana da tsada a da, shi ya sa tashoshi da dama, har da BBC a Ingila, suka riƙa goge tsohon shiri su ɗora sabo a kai. Fim na majigi kuma idan ya sha zafi sai ya fara warin tsami, ya nannaɗe, ya manne.

Ga abin da ya sa muka haɗa wannan shiri. A 1978 marigayi Adamu Halilu, ɗan Garkiɗa, ya shirya fim mai suna Kanta of Kebbi, a kan Muhammadu Kanta, gwarzon da ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16, ya gina Surame, ya tsaya wa rundunar Songhai. Fim ne na majigi sosai, ba na bidiyo ba, kuma labarin namu ne, na kakanninmu. Ku tambayi matasan Badariya ko na Argungu wa ya taɓa kallonsa. Shi wannan Adamu Halilu shi ya yi Shaihu Umar a 1976, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, kuma shi ma an daɗe ana ɗauka ya ɓace. A 2016 aka gano faifansa a ma'ajiyar hukumar fina-finai, aka kai Jamus aka gyara, a 2018 aka haska shi a bikin fina-finai na Berlin. Tun da an yi wa Shaihu Umar, ana iya nema wa Kanta. Akwai ma'ajiyar fina-finai ta ƙasa a Jos, akwai gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, akwai Gidan Arewa a Kaduna. Muna roƙon hukumomin al'adu na jiharmu da masarautunmu su rubuta, su aika mutum, su bincika. Idan an same shi, wurin haska shi na farko yana nan a shirye: harabar gidan tarihi na Kanta a Argungu, tsohuwar fadar da Yakubu Nabame ya gina.

Ku kuma na gida, Baba, Inna, ku sa a ciro albam ɗin nan daga ƙasan akwati tun kuna iya gane fuskoki. Ku zaunar da jika ɗaya da fensir, ya rubuta a bayan kowane hoto sunan mai shi, da garin, da shekarar ko sarkin da ke kan gado a lokacin. Kada a yi da biro, yana huda takarda. Ya ɗauki kowanne da waya, a wuri mai haske, ya tura wa 'yan'uwa biyu ko uku. Wanda yake da kaset na biki ko na wani tsohon shiri, kada ya ajiye shi inda rana ke bugawa. Iyalan masu hoto da suka gaji kwalayen fim, don Allah kada ku ƙona, ku tuntuɓi gidan tarihi tukuna.

A nan za mu dakata. Sai Allah ya kai mu shiri na gaba. Wassalamu alaikum.