Zaɓen Motar Da Za Ta Ja Ɗakin Tafi-da-Gidanka

Ɗakin tafi-da-gidanka ɗaki ne da ake ginawa a kan tayoyi, da gado a ciki da wurin girki, wani ma har da makewayi. Ba shi da inji, sai an maƙala shi a bayan mota an ja shi. A Ingila da Ostareliya don hutu aka fi yinsa, magidanci ya kwashi iyalinsa su tafi bakin teku su kwana biyu. A nan Nijeriya kuwa galibi don aiki ne. Ma'aikatan safiyo, da masu gina hanyoyi, da masu haƙa rijiyar burtsatse, da ma'aikatan lafiya masu zaga ƙauyuka, su ne suka fi bukatarsa. Bayanin da ke cikin wannan ɗan littafi ya shafe su, ya kuma shafi duk mai jan tirelar dawaki, ko tankin ruwa, ko babban janareta, domin ka'idar ɗaya ce.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a dubi girman mota, a ji ƙarar injinta, a ce ai wannan za ta iya. Alhali kuwa ƙaramar mota ma tana iya motsa tan biyu a kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta. Abin tambaya shi ne wannan: in babbar tirela ta wuce da gudu iskarta ta bugi ɗakin, ko dabba ta faɗo titi ana tsakiyar gangara, motar tana da nauyin da za ta riƙe shi, da birkin da za ta tsai da shi? In ba ta da su, ɗakin zai fara lilo dama da hagu, ya fizgi bayan motar, daga nan sitiyari ya fita daga hannun direba.

Lissafin nauyi

Kowace mota tana da iyakoki huɗu waɗanda masana'anta ta rubuta a littafinta, wasunsu kuma suna kan ɗan farantin ƙarfe da ke jikin ƙofar direba ko ƙarƙashin bonet. Na farko, iyakar nauyin motar kanta in an cika ta da mutane da kaya. Na biyu, iyakar nauyin da aka yarda ta ja. Na uku, iyakar nauyin mota da abin da take ja in an haɗa su. Na huɗu, iyakar nauyin da zai danna ƙugiyar ja, watau ƙarfen nan mai dunƙulallen kai da ke bayan mota inda ake maƙala ɗakin.

Dillali na biyun kaɗai zai gaya maka, don shi ne mai daɗin ji. Gaskiya ne manyan motoci irin su Toyota Land Cruiser 300 wadda ta fito a 2021, da Nissan Patrol, da Land Rover Defender, an yarda musu a ƙasashe da yawa su ja kilo 3,500 in tirelar tana da birkinta. Amma wannan adadi ba ya tafiya shi kaɗai, ga kuwa misali.

A ce mota ba kowa a ciki tana da kilo 2,600, iyakar da aka yanka mata in an cika ta kuma kilo 3,300 ne. Ke nan kilo 700 kurum aka yarda ta ɗauka. Sai aka kawo ɗaki mai kilo 3,000. Ba dukan nauyinsa ne ke kan tayoyinsa ba, wani kashi yana danna ƙugiya, kuma haka ake so, domin ɗakin da gabansa ba shi da nauyi shi ya fi saurin lilo. A Ingila ana ba da shawara wannan kashi ya zama 5 zuwa 7 bisa ɗari na nauyin ɗakin, a Ostareliya kuwa sukan kai shi wajen 10 bisa ɗari. In mun ɗauki 10, kilo 300 ke nan, kuma a kan motar za a lissafa su, kamar an ɗora mata buhun siminti shida a can ƙarshen bayanta. Saura 400. Manya biyar masu kilo 70 kowanne sun cinye 350. A ƙara jarkar mai biyu, lissafi ya kusa cika, ga shi ba a sa abinci ba, ba a sa akwatin kayan aiki ba, balle taya ta biyu ta safaya. Motar da aka ce za ta ja 3,500 ta kai iyakarta da 3,000.

Iyaka ta uku ita ma tana kama mutane, musamman masu a-kori-kura. In an ce mota da tirela kada su wuce kilo 6,000 a haɗe, aka ja 3,500, to, 2,500 ya rage wa motar da duk abin da ke cikinta. In ita kanta 2,200 ce, direba da mutum uku sun kusa cinye ragowar.

Saboda haka ne ƙungiyoyin masu irin waɗannan ɗakuna a Ingila suke shawartar sabon shiga kada ɗakinsa, da kayansa duka, ya wuce 85 bisa ɗari na nauyin motar ba kowa a ciki. Shawara ce, ba doka ba, amma a ganinmu ta fi dacewa da hanyoyinmu masu ramuka da gargada fiye ma da hanyoyin da aka yi ta dominsu. Bisa wannan lissafi, ɗaki mai kilo 2,000 yana bukatar mota mai wajen kilo 2,350. Kada a dogara da ƙiyasin ido. A loda ɗakin kamar yadda za a yi tafiya da shi, har da ruwan tankinsa, domin kowace lita kilo guda ce, a kai shi sikelin manyan motoci a auna, sa'an nan a tafi neman mota.

Tirelar da ba ta da birkin kanta kuwa, a Turai da Ostareliya doka ba ta yarda ta wuce kilo 750 ba, kome girman motar. Wanda ya ɗaura tankin ruwa na lita 2,000 bisa tayoyin da ba birki ya sani birkin motarsa kaɗai ne zai tsai da wannan nauyi duka.

Ginin mota da injinta

In motoci biyu sun yi daidai a lissafi, a zaɓi wadda tazarar da ke tsakanin tayoyinta na gaba da na baya ta fi tsawo, wadda kuma ƙugiyarta ba ta yi nisa da tayoyin baya ba. In bayan mota ya yi tsawo, nauyin ƙugiya yakan ɗaga gabanta, sitiyari ya yi sako-sako, fitilu su koma haska sama. Motar da aka ɗora bodinta a kan shasi mai ƙarfi ta fi jure fizga a hanyar burji.

Wajen inji, abin nema shi ne ƙarfin ja tun injin bai ɗau zafin gudu ba, shi ya sa injin dizal ya yi suna a wannan aiki, ga shi kuma bai kai na fetur shan mai ba in an yi lodi. Kowanne aka zaɓa, a sa rai zai sha mai fiye da yadda ya saba ƙwarai, kuma tun da aka janye tallafin fetur a 2023 wannan ba ƙaramin lissafi ba ne.

Zafi shi ne babban abokin gāba. A Sakkwato da Maiduguri ma'aunin zafi yakan wuce 40 a watan Afrilu, kuma a irin wannan yanayi ne lagireto mai datti yake tona asirin kansa. Giya mai canza kanta tana da daɗin ja, ba kuloci da zai ƙone wajen tashi a kan tudu, amma lalle ne ta kasance da na'urar sanyaya man giya. Ga kuma tsaunuka. Mai hawa zuwa Jos ta Hawan Kibo, ko mai nufin Gembu a kan tsaunin Mambila, zai ji injin da ba shi da turbo ya rage ƙarfi, domin iska tana raguwa da tsawo. A Jos, wadda ke bisa mita 1,200 ko sama da haka, ragin yakan kai kashi ɗaya cikin goma. Saukowa ta fi hawa hatsari. A sa babbar giya tun daga sama, injin ya riƙe motar, kada a kwanta a kan birki har ya yi zafi ya daina kamawa.

Jan ƙafa huɗu, wanda direbobi ke kira fowil, amfaninsa a laka ne da yashi da tashi a kan tudu mai santsi. Ba ya ƙara wa birki kome. A motocin da ake sa shi da hannu, a cire shi da zarar an hau busasshiyar kwalta, in ba haka ba giya za ta ɗaure.

In ta hannu za a saya

Tun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, saboda haka sitiyari a hagu ya kamata ya kasance. Motar da aka juya wa sitiyari a gareji ba ta dace da ja ba ko kaɗan. Motocin dizal na Turai na 'yan shekarun nan suna da matatar hayaƙi wadda man da ba shi da tsabta yake toshewa, sai a tambayi bakanike tukuna ko akwai kayan gyaranta a kusa da wurin da za a yi aiki. Mitsubishi ta daina ƙera Pajero a 2021, tsohuwar Defender kuma an daina yin ta tun 2016. Motar da ta fito daga Amurka da fam aka rubuta nauyinta, a raba adadin da 2.2 a sami kilo.

A leƙa ƙarƙashi a duba yadda aka ɗaura ƙugiya. A jikin shasi take, da kusoshi, a ramukan da masana'anta ta tanada. Wadda mai walda ya liƙa a jikin bamba a cire ta. A auna kanta kuma: na Turai milimita 50 ne, na Amurka da inci ake auna shi, akwai mai inci 2, akwai wanda bai kai ba, akwai wanda ya fi. Bakin tirela mai faɗi yakan zauna a kan ƙaramin kai kamar ya kama, sai an faɗa rami ya tsinke. A tabbata lambar da ke jikin biyun ɗaya ce, a ɗaura sarƙar tsaro, a sa wani ya tsaya a baya ya ga fitilun birki da na sigina suna kamawa kafin a hau titi.